Koren Tsauni a Falon Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shigo da kimiyyar auna zukatan 'yan Adam cikin Maraɗi, a bayan babur ɗin kabu-kabu, ina rungume da na'urar aro.

Wani Alhaji ne a Sabon Gari, mai kamfanin man gyaɗa, yake neman wanda zai riƙe masa shafin sada zumunta. Ni kuwa tun da na gama karatu aikina zaman majalisa, don haka na sha alwashin burge shi. Na kwashe duk sharhin da aka taɓa rubutawa a shafin, na sa na'ura ta ba kowanne maki: kalmomi masu daɗi su tafi dama cikin kore, masu ɗaci su tafi hagu cikin ja. Zane ya fito. Ja ɗan tsugul, kore kuwa tsauni guda. (Ban karanta sharhin ba. Ai don kada a karanta aka yi na'urar.)

A falo na haska shi a bango, gaban Alhaji da 'ya'yansa da dilolinsa na Tibiri da Jiratawa. Na yi bayani har da Faransanci inda Hausa ta gaza ɗaukar girmana.

"Wannan tsaunin, ranka ya daɗe, farin cikin jama'a ne. Kuma yawancinsa a rana guda ya taru."

"To Mushe," in ji Alhaji, yana kirana da laƙabin 'yan boko, "buɗe muna mu ga ranar, mu san abin da ya yi musu daɗi haka."

Na buɗe. "Allah ya jiƙansa." "Allah ya sa Aljanna makoma." "Allah ya haskaka kabarinsa."

Sanarwar rasuwar yayan Alhaji ce. Na'ura ta ga rahama, ta ga Aljanna, ta ga haske, ta yanke cewa biki ake. Masu magana kan mai kuwa suna can cikin ja, suna cewa murfin kwalba na yoyo.

Alhaji ya juyo gare ni.

"Wato ranar da muka binne Yaya gari ya fi murna?"

Aka ba ni ruwa, aka raka ni ƙofa cikin mutunci, irin rakiyar da ba a komowa. Na koyi cewa mutanenmu ba sa ajiye kyawawan kalmomi don ranar daɗi. Ranar kuka suka fi fito da su.

Da na isa gida na duba sharhin da ya fi kowanne maki. Ta'aziyyar da ni kaina na rubuta ce.