Ranar da Jakada Ya Je Ganin Tsibirinsa

A yi wa ƙasa murna da ta haifi Jakada, wanda ma'aikatansa ke kira Ko-Taku. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa. Duk taron da aka zauna da maƙwabciyar ƙasa kan ɗan tsibirin da ke tsakiyar kogin iyaka, sai ya bugi tebur ya ce, "Ko taku ɗaya ba za mu bari ba!"

Shekara tara yana wannan jarumta. Shekarar farko ta tafi wajen gardamar wanda zai fara shiga zauren taro, har aka fasa bango aka yi ƙofa ta biyu. A ta uku ya gano tutar maƙwabta ta ɗara tamu tsawo da ɗan yatsa, ya fice cikin fushi, wata shida bai dawo ba. Tsibirin kuwa ya san shi ciki da waje, a taswirar da ke rataye bayan kujerarsa. Zuwa wurin ba aikin manya ba ne, akwai sauro.

Sai takardar ritaya ta iso, saura wata guda. Hankalin Jakada ya tashi. Ya sauka ba hotonsa yana kafa tuta? Me zai nuna wa jikoki? Cikin kwana uku ya yarda a raba tsibirin biyu, ya shaida wa 'yan jarida cewa tarihi ne da kansa ya roƙe shi.

Ranar rabo aka shiga kwalekwale: jakadu biyu, tutoci biyu, igiyar awo da mai hoto. Jakadanmu na zaune a gaba, yana bitar jawabi mai shafi goma sha biyu.

Da aka kai tsakiyar kogi, tsohon da ke tuƙi ya ajiye filafili.

"Ranka ya daɗe, mun iso."

Jakada ya duba gabas, ya duba yamma. Ruwa ne kawai, sai wata agwagwa.

"Kai, dattijo, ina tsibirin?"

"Kana kansa, ranka ya daɗe. Ai yashi ne. Damina huɗu ke nan da ruwa ya kwashe shi."

"Shi ne ba wanda ya sanar da ni?"

"Wallahi sau biyu muna zuwa ofishinka, mu masunta. Aka ce ba ka ganin kowa, kana taron tsibiri."