Budurwar Ƙwaro a Gwangwanin Madara

"...Ya kwanan tsufa, amaryata? Ƙafar da sauƙi?"

"Ƙafata ta fi taka lahiya, Sammani, tunda ita tana zuwa kasuwa."

Kakata Hajo ke nan, a bakin kaskon ƙosai a gidanmu na Ƙofar Sauri, kwana huɗu da sojoji suka miƙa mulki. Wata bakwai da gama jami'ata, ban wuce masallacin unguwa ba. A shekarar ƙarshe sojoji suka kwashe mu a babbar mota daga ɗakin kwanan ɗalibai, na yi kwana goma sha tara a tsare. Har yanzu ƙarar babbar mota tsinka mini zuciya take yi.

Ranar nan ma'aikatar gona za ta gana da masu neman aiki. Kundin bincikena kuwa, wanda ba ni da wani sai shi, yana ƙarƙashin cinyar Hajo. Ta ƙwace shi da sharaɗi: in tarkon gwangwanin madara da na ɗana a buhunan wakenta bai kama ƙwari ba, da shi za ta naɗe ƙosai.

"Ba ni kundina, tsohuwa."

"Wane kundi? Takardar ƙosai dai. Na ga tana da kauri, za ta sha mai."

"Shekara shida na yi kafin in rubuta shi!"

"Shekara shida kana leƙen auren ƙwari. Wasu sun karanto likita, ni mijina ya zama dillalin aure a buhun wake. Mi ma ka ce ka zuba a gwangwanin?"

"'Yan matan ƙwari. Na ware wake ɗaya-ɗaya a kwalin ashana har suka ƙyanƙyashe, ba su taɓa ganin namiji ba."

"'Yan mata! Ka kasa kawo mani mutum, ka kawo mani ƙwaro."

"Macen tana fitar da wani ƙamshi, ɗan mitsitsi, hancinki ba zai ji ba. Namiji na shaƙarsa da gashin nan biyu na kansa, sai ya biyo iska. Yana zuwa ya faɗa ruwan sabulun da ke cikin gwangwanin."

"Wannan ne ilimin? Ai humra ke nan! Kakanka daga Batagarawa ya biyo turarena da ƙafa, bai tsaya ko shan ruwa ba."

"Warin daddawa dai ya biyo, Allah Ya jiƙansa, ya zaci miya ce."

"Ja'iri! To in ƙamshi ne, mi ya hana ƙwarin gero zuwa biki?"

"Kowane iri da haɗinsa. Asali kakansu ɗaya, amma a hankali, iyaye bayan iyaye, haɗin ya riƙa sauyawa. Wadda ƙamshinta ya kira nata, ita ta hayayyafa. Ɗigo ɗaya ya bambanta, sai namiji ya wuce kamar bai san ta ba."

"Kamar yadda 'yan matan unguwa ke wuce ka."

Nan wata babbar mota ta yi gurnani a waje. Ban san lokacin da na dafe bango ba. Hajo ta ci gaba da juya ƙosai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Motar itace ce, jarumi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai gudu. Ɗauko gwangwanin, gani ya kori ji."

Na shiga ɗakin ajiya. Na ɗauko, na buɗe a gabanta. Ruwan sabulun ya yi baƙi ƙirin, ko masaka tsinke babu.

"La'ilaha illallahu! Duk daga wakena?"

"Duk. Kuma ki duba, duk maza ne."

"Ba mace ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta ajiye matsami, ta yi dariya har da hawaye. "Ashe har a ƙwari maza ne wawaye!"

"Ki dai ce na ci."

"Ka ci, ɗan nema. Abin da yaro ya hango yau, tsohuwa ko ta hau rimi."

Ta ɗaga cinya ta zaro kundin. Shafi ɗaya babu, sai guntunsa da ya yi nason mai.

"Hajo! Kin fara yagarsa?"

"Shafin godiya ne. Na sa an karanta mani, babu sunana."

Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar kwalbar turaren kakana, wadda ba ta bari kowa ya taɓa. Ta ɗiga mini a wuyan riga, ta tura ni da gwiwar hannu.

"Ƙwaro ma da ba shi da digiri ya fito neman rabonsa."

"Ai a ruwan sabulu ya ƙare."

"Shi bin ƙamshi ya yi. Kai kuwa kai ne mai ƙamshin. Tahi, su biyo ka."

Na rungume kundi na fita. A bakin titi wata motar ta yi gurnani, zuciyata ta buga, amma ƙafata ba ta tsaya ba. Ina jiyo ta daga cikin gida tana ƙwala mini kira:

"In sun ba ka aikin, ka ce masu ni na koya maka!"