Yansun Daga Makka

Da surukata ta dawo garinmu Turawa daga Hajji, ni ta damƙa wa ƙullin yansun, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu ƙamshi, maganin kumburin cikin Baffa, mijinta. Abin Makka ne, sai da na yi alwala kafin na taɓa. Don gudun kuskure na dafa shi kamar zogale: na tafasa sau uku ina zubar da ruwan, na kai wa Baffa 'ya'yan a akushi.

Ya daɗe yana kallo. "'Yar nan, ina shayin?"

"Yana makwarara, Baffa."

Har yau ƙannen mijina kan tambaye ni, "Matar Yaya, cikin makwarara ya saɓe kuwa?"