Akwatin Awa Takwas

Yau Litinin sunana ya sake mutuwa a cikin kwamfuta. Karo na huɗu ke nan. Ina zaune a kan benci ina kallo, Malam Siddiq magatakarda ya buga "Kande" da yatsa ɗaya, ya ɗago ya tambaye ni sunan ubana kamar ba shi ne ya tambaye ni makon jiya ba. Na ce Barau. Ya sunkuya yana lalubar baƙin, sai fanka ta yi ƙiii ta tsaya. An ɗauke wuta. Wani akwati ruwan toka da ke ƙarƙashin tebur ya kama kuka, tii, tii, tii.

Siddiq ya ce, "Iya, yi addu'a!"

Ban kai ƙarshen Fatiha ba gilashin ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Ina sunan nawa?"

Ya ce, "Ya tafi, Iya. Gurabe goma sha shida ake cikewa kafin ta karɓa, mu kuwa biyu muka cike."

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kande mai awo. Shekara talatin da huɗu ina auna gero da wake da riɗi a kasuwarmu ta Alhamis, nan bakin iyaka, a rumfa ta uku daga gindin tsamiya. A rumfar nan na yaye 'ya'ya biyar. Matan Damagaram idan sun sauko daga mota ba sa tambayar hanya, ƙafarsu ta san wurina. Ban yi boko ba, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Maƙwabciyata Dinah, matar Isaiah direban babbar mota, ita ke buga wannan magana a kwamfutarta ta gida. Na ce mata idan ta rage min gishiri zan sa a karanta min, in dawo mata.

To, bana aka kafa mana wani kwamiti na gyaran rumfuna. Aka yi shela cewa za a sake rabo, kuma duk wadda sunanta bai fito daga bakin kwamfuta ba kafin Alhamis ɗin nan mai zuwa, rumfarta ta zama ta mai rabo. Tuni wani mai jar hula ya zo sau biyu yana taka gaban rumfata yana ƙirga taku. Na tambaye shi ko allura ya yar, ya ce a'a, motsa jiki yake yi. Allah ya ƙara lafiya.

Ofishin kuwa a Gumel aka ajiye shi. Kun san halin da ake ciki na mai. Sai ka yi zaman awa biyu a tasha kafin motar da ta sha daga galan ta cika, a cusa ku kamar buhunan gawayi. Mai riƙe da makullin ofis shi ma yana layin mai, ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi bango. Masu wuta kuma, Allah ya saka musu, ba sa saɓa alkawari: kafin azahar sun ɗauke abinsu. A ɗan tsakanin nan ne ake son sunayen mata ɗari uku su shiga inji ta yatsan Malam Siddiq guda ɗaya.

Amma ai an ce mana kada mu damu. Ina nan ranar da aka buɗe ofishin. An kafa rumfar tamfol, an jera kujeru, an kawo makaɗa. Mai Girma Uban Rumfuna, Garkuwan Langa-langa, wanda tunda aka haife shi bai taɓa wuni a rana ba, ya yanke ƙyalle da almakashi, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin nan kamar mai sa wa jariri albarka. Ya ce sunansa yu-fi-es, daga ƙasar waje aka yi odarsa, aikinsa ya sha wuta ya ajiye, idan an ɗauke ya ci gaba da shayar da kwamfuta har awa takwas. Awa takwas! Da kunnena na ji. Aka yi tafi, aka rangaɗa guɗa, ni ma na yi, Allah ya yafe min. Aka raba lemo, bai iso layinmu ba.

Bayan zuwana na uku na shiga wajen Dinah ina huci. Ita tsohuwar mai buga tafireta ce, ta yi ritaya, 'yarta Christabel ta aiko mata da kwamfuta daga Jos tana buga wa mutane katin biki da wasiƙu a falonta. Ina shiga aka ɗauke wuta. Sai na ji tii, tii daga ƙarƙashin teburinta. Na dafe ƙirji na ce, "Maman Christabel, annobar ta iso gidanki?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, zauna. Wannan kukan sanarwa ne, ba na mutuwa ba."

Ta ci gaba da aikinta hankali kwance. Ni kuma na jawo faifai na zuba wake ina tsinta, don in ga ƙarshen ƙarya. Na tsince tiya guda tsaf, na fara ta biyu, gilashin nan na nan da haskensa. Sai da ta gama, ta adana, ta kashe da hannunta.

Na ce, "Naki awa nawa ne?"

Ta ce, "Wane awa? Minti ashirin ne, haka mai kanti ya faɗa min, haka kuma yake yi. Irin waɗannan ƙananan babu mai awa takwas, Mama, ko daga sama aka yi odarsa. Batiri ne a ciki. Gwargwadon girmansa, gwargwadon abin da zai ɗauka. Idan ya tsufa kuma cikinsa ya ragu."

Na ce, "Wato tiya ce."

Ta ce, "To, kusan haka."

Na ce, "Ba kusan ba. Tiya ce. Ana zubawa, ana juyewa, kuma tana da gindi."

Daga nan na gane inda aka dosa, domin maganar tiya ba a koya min. Da Dinah ta tashi shara na taya ta ɗaga akwatin nata. Jama'a, ɗan ƙaramin abu, amma sai ka ce dutsen niƙa. Sai da na yi nishi. Ni kuwa hannuna ba ya mantuwa. Shekara talatin da huɗu ina ɗaga buhu in faɗi tiyoyin da ke ciki kafin a kwance bakinsa.

Shi ya sa yau, da gilashin ya yi baƙi, ban tashi na kama hanya kamar kullum ba. Na ɗaure zanina, na durƙusa, na sa hannu ƙarƙashin tebur. Siddiq ya ce, "Iya, kayan gwamnati ne!" Na ce ni ma kayan gwamnati ce, tunda ita ta ƙirga ni. Na ɗaga akwatin. Ya fi na Dinah girma sau biyu, amma da hannu ɗaya na ɗaga shi sama kamar ƙwaryar fura. Na girgiza, wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki.

Matan da ke layi suka matso kusa. Rabi mai daddawa ta ce, "Yaya Kande, ko dai ya zube ne?"

Na ce, "Ba zubewa ya yi ba, Rabi. Kwashewa aka yi."

Siddiq ya duba ƙofa, ya duba taga, ya rage murya. Bawan Allah ne, gemunsa ya yi fari a kan biro da takarda, ba shi ya jawo mana ba. Ya ce washegarin biki aka turo mota, aka ce batirin da ya zo da akwatin mai tsada ne ƙwarai, bai kamata a bar shi a ofis ba saboda ɓarayi. Aka kai shi ajiya gidan Mai Girma. Da yake kuma batiri ba ya son zaman banza, sai aka haɗa shi da kwamfutar gida, wadda yara ke wasan kati a cikinta. Nan kuwa aka kira mai gyaran rediyo ya ɗaura tsohon batirin babur da waya, don dai akwatin ya riƙa kuka idan baƙi sun zo.

Kun ji hikima. Ni a rayuwata ban taɓa jin an tsare abu daga ɓarayi da kyau haka ba. A ce mutum ya ɗauki wahalar ajiyar kayan jama'a a cikin ɗakinsa, har ya sa 'ya'yan cikinsa gadi, ba dare ba rana, ba albashi! Wannan ai lambar yabo ta kamace shi.

Ban ajiye akwatin ba. Na rungume shi na tura ƙofar ciki, inda Mai Girma Ƙarami, Magajin Kujera, yake zaune yana fifita da fayil. Shi babban ba ya zuwa sai ranar almakashi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, awo na zo a yi min."

Ya ce, "Baba, ajiye wannan. Harkar kimiyya ce, ba ki da ilimin ta."

Na ce, "Gaskiya ne, ba ni da shi. Amma ka tuna Talatu mai gero?"

Bai tuna ba. Yaya za a yi ya tuna? To ni na tuna masa, ku ma bari in tuna muku. Wata biyu da suka wuce wannan kwamiti da kansa ya zagaya kasuwa yana duba tiyoyi. Aka sami ta Talatu an ɗan bubbuga gindinta ya shigo ciki, abin da ya ragu bai kai cikin tafi biyu ba. Aka ɗaga tiyar sama a tsakiyar kasuwa, aka kira sunanta da na mijinta a lasifika, aka hana ta zama Alhamis uku. Har yau idan ta wuce ana nuna ta da baki. Ban ce ta yi daidai ba. Duk wanda ya rage mudu ya ci haƙƙin mutane, mun sani tun muna yara. Amma ita cikin tafi biyu ta rage.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga tiyar da aka ce tana cin awa takwas, ba ta cin Fatiha ɗaya. A wace kasuwa za a ɗaga ta? Sunan wa za a kira a lasifika?"

Ya gyara hula. Ya ce maganata tana da muhimmanci, kuma za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba lafiyar akwatin. Ya ce in rubuto ƙorafi.

Na ce, "Da hannu?"

Ya ce, "A'a, mun wuce wannan zamanin. Sai an shigar a kwamfuta."

Rabi da ke bakin ƙofa ta ce, "La'ilaha illallahu." Ni kuwa na dire masa akwatin a kan tebur, ya yi ƙwal, na fito.

Ina tsaye a tasha ina jiran mota sai ga Malam Siddiq a kan kekensa, yana waige-waige. Ya ce, "Iya, wannan maƙwabciyar taki, tata tana kai minti ashirin da gaske?" Na ce tiya guda da 'yan kai, na auna. Ya shafa gemu ya ce shi dai an ce sunaye su fito daga kwamfuta, ba a ce wacce ba.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar Dinah da fayil a hammata, mata goma sha tara a bayansa. Isaiah ya fito da tabarmi. Siddiq na karantawa, Dinah na bugawa da yatsu goma, har shi kansa ya saki baki yana kallo. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu akwatinta ya yi kukansa ya riƙe. Ga takardar nan a ƙullin zanina yanzu. An nuna min layin da sunana yake, Kande Barau, rumfa ta uku daga tsamiya. Wato aikin da aka kafa wa tamfol aka kira makaɗa, a falon matar direba aka yi shi, tsakanin keken ɗinki da kwandon albasa.

Saura sa hannu. An ce babu mai sawa sai Uban Rumfuna da kansa, kuma ba a san ranar da zai leƙo ofis ba. Babu komai. Gobe da sassafe ni da Rabi da Talatu za mu je gaishe shi a gida. Ba mu san unguwar sosai ba, amma ba za mu ɓata ba. Za mu jira a ɗauke wuta, mu bi layi muna kasa kunne, gidan da muka ji kwamfutar yara na ci gaba da kiɗan wasan kati a ciki, nan ne. Za mu shimfiɗa zannuwa a ƙofa. Ba mu da gaggawa, mun ware masa awa takwas, irin namu na kasuwa, cikakku.

Ranar Alhamis kuwa, da hannu ko ba hannu, a rumfata za a same ni, takardar na manne a jikin ginshiƙi. Mai jar hula ya zo ya ci gaba da motsa jiki. Idan kuma gidan Mai Girma suka aiko sayen gero kamar yadda suka saba, ina maraba. Ɗan aike ya ce tiya takwas, in ce to, in buɗe masa bakin buhunsa, in jefa ƙwaya uku, in ce tii, tii, tii, in ɗaure.