Ranar Da Aka Ce In Fito Daga Kabarin Baba

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da muka kai Baba makwancinsa a Argungu. Kowa yana da ranar da ya ji kunya, amma galibi a makaranta ne ko a gidan biki, inda bayan shekara biyu za a tuna a yi dariya. Ni tawa a maƙabarta ta same ni, inda ba wanda zai taya ka dariyar.

Lokacin Birnin Kebbi da Argungu duk muna cikin jihar Sakkwato, ni kuma ina Legas, ina aikin akawu a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. A can na koyi shan sigari. Ba wani abokin banza da ya lalata ni, kada in ɗora wa kowa. Ofis ɗin ne gaba ɗaya hayaƙi. Kowane tebur da ɗan farantin kaɗe toka, manaja yana taro da kara a baki, baƙo in ya shigo kafin a ba shi kujera an miƙa masa kwali. A silima ana sha, a mota ana sha, har mata masu manyan jakunkuna na gani suna busawa ba wanda ya waiga. Ni ɗan Argungu da ke son a daina ce masa baƙauye, me kuke tsammani? Karan farko na yi tari har da hawaye, amma na daure (a lokacin na ɗauka wayewa ce ke shiga ƙirjina).

A gida kuwa labarin daban ne. Ba doka, ba allo a bango, amma sigari ta 'yan tasha ce da 'yan kamasho. Ɗan mutunci ba ya kunna ta a gaban wanda ya girme shi ko da wata guda ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tsofaffin da za su tsine maka saboda sigari su ne ke zaune a zaure da garin taba cike da leɓe, suna tsartar da yawu, tsofaffin mata kuma haƙora jawur da furen taba da goro. Wannan ba laifi. Hayaƙin ne abin kunya. Baffana, ƙanin Baba, da 'yar battar garin taba yake yawo a aljihu, amma ka ce masa wane yana shan sigari, sai ya yi salati kamar an ce wane ya yi ridda.

Saboda haka duk zuwana gida sai in zama ɓarawo a garinmu. Kwalin yana can ƙasan jaka cikin safa. In abin ya motsa sai in ce zan je duba shinkafa a fadama (ni da ban san ranar shuka ba), in dawo ina tauna goro kamar akuya.

Wata shekara bayan girbi aka aiko cewa Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, an kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Na taho. Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In yana son in yi abu, ƙanena Sani yake gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Inna ma haka, ko idona ba ta kallo. Na san alkunya ce, ba ƙiyayya ba, amma sani daban, abin da yaro ke ji a ransa daban.

A asibitin, wata rana da la'asar Inna tana gefe tana dama masa kunu, Baba ya juya fuskarsa wajen bango, ya yi magana da bakinsa da ya karkace. Sai da na sunkuya na ji.

"In ta Allah ta kasance, kai ka riƙe man kaina. Kada ka bari wani shi sa ni a kabari."

Wallahi tun da aka haife ni wannan ce magana mafi tsawo da ya yi da ni kai tsaye. Na ce, "To, Baba." Na fita baranda na rasa inda zan sa kaina, hannuna ya tafi neman abin da ya saba. Ko ashana ban ƙyasta ba wata nas, 'yar Filato mai suna Sista Rahila, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, nan ba Legas ba ne. Ka ga allo can, ka ga kuma mutanenku can." Allon bai tsorata ni ba, mutanen namu ne suka sa na mai da karan.

Daga ranar sai in taka har cikin unguwar Nasarawa, inda nake ganin ba ɗan Argungu, in saya a wurin wani mai tebur, in sha a bayan shagonsa. Safiyar da abin zai faru na je na sayi sabon kwali, na ɓare, na sha ɗaya, na jefa sauran a aljihun gaban 'yar shat ɗina da niyyar in ɓoye in na koma. Ina shiga ɗaki na tarar jikin Baba ya rikice. Kafin hantsi Baba ya cika, ina riƙe da ƙafarsa.

Daga nan ban ƙara sanin kaina ba. Na tuna a-kori-kurar da ta kai mu Argungu, na tuna kukan mata a cikin gida, na tuna wani ya zura mini babbar riga a kan shat ɗin don kada in tsaya a sahu kamar ɗan makaranta. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka sallace shi a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Jama'a ta taru sosai, don Baba mutum ne na mutane. Abin da ke aljihuna kuwa ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

A bakin kabari Baffa ya dube ni ya ce, "Tuɓe rigar ka sauka. Kai ya ce." Ashe Inna ta gaya masa. Na tuɓe babbar riga na miƙa, na sauka ta wajen kai, wasu biyu suka tsaya ta tsakiya da ƙafa. Aka miƙo Baba. Na tallabi kansa da hannu biyu, na ji rashin nauyinsa, mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai. Na sunkuya don in kai shi cikin ƙaramin ramin.

Sai kwalin ya zamo daga aljihuna.

Da a rufe yake da sauƙi. A buɗe yake. Ya bugi kafaɗar Baba, karare suka watse a kan likkafani, farare a kan fari, wasu suka gangara cikin ramin, ɗaya ya maƙale a ɗaurin wuya. Kwalin ashana ya biyo baya da 'yar ƙararsa. Duk addu'ar da ake yi a sama ta tsaya cak. Na ji wani ya ce "Subhanallahi," wani can baya ya yi tarin da na san ba tari ba ne. Ni kuma hannuwana biyu suna ƙarƙashin kan Baba. In saki in tsince, ba dama. In ci gaba in kwantar da shi a kan sigari, ba dama. Na tsaya a sunkuye, gumi yana ɗiga daga hancina.

Baffa ya ce, a hankali, "Hito."

Na ce, "Baffa, don Allah..."

"Hito, ɗana. Sani, amshi."

Sani ya sauko yana kuka, ya zura hannuwansa ƙarƙashin nawa, na zare. Aka ɗaga Baba kaɗan, wani tsoho cikin masu haƙa ya durƙusa ya tsince karare ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙasar da ke jikinsu. Da ya gama ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi, ya ce, "Malam, ga kayanka." Na karɓa (me zan yi, in ce ba nawa ba ne?). Haka na tsaya a bayan mutane da sigari cike da hannu, ina hangen Sani yana gyara wa Baba kwanciya, aka jera itace, aka sa ɗanyar ƙasa. Ko ƙasar ban iya zubawa ba.

A zaman makoki ba wanda ya ce mini uffan, kuma wannan ya fi duka zafi. Baffa yana gefena yana karɓar gaisuwa, can sai ya ciro battarsa ya ɗura gari a leɓe. Na dube shi, na sunkuyar da kai. Yau ba ni da bakin cewa komai.

Da yamma Inna ta aiko in shiga. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma labari ya riga ni isa, na gani a fuskar duk matar da na wuce. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta dube ni ba, kamar kullum. Na shirya wa faɗa a kan taba, har na tsara rantsuwar da zan yi. Ba ta ko ambace ta ba. Ta ce, "An sa shi?"

Na ce, "An sa shi, Inna. Na fara, Sani ya ƙarasa."

Ta ɗauki carbinta tana ja. Sannan ta ce, "Kai ya ce. Bai ce Sani ba." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni da na kai shekara talatin, na zauna a dandariyar ƙasa na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Kada ku zaci a ranar na daina. Ina! Na koma Legas na ci gaba har wasu shekaru, sai dai ban ƙara jin daɗinta ba. Yanzu na ji can ma an hana sha a cikin gini, da doka da tara da alluna. Su sai da aka rubuta musu. Ni darasina ɗan kaɗan ne: duk jana'izar da na je, tun daga ƙofar maƙabarta nake laluba aljihuna, alhali na san ba komai a ciki. In kuma aka ce wa zai sauka, sai in ja da baya in ba wasu wuri, don wanda ya roƙe ni guda ɗaya ne, kuma ba a sa mutum sau biyu.