Gertie Ta Rasu a Hannun Suruki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Mista Delmar Vande Hei na arewacin garin Sheboygan a Amurka yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da 'yan ƙungiyar tsofaffin injuna rasuwar ƙaramar taraktarsa ta lambu, Gertie. Rai ya yi halinsa makonni da suka wuce, wata Asabar da hantsi a cikin gareji, bayan gajeruwar rashin lafiya da jinyar suruki. Ta haura shekara hamsin a duniya.

Marigayiya ja ce, gajera, mai taurin kai irin na mai ita. Ta yanke ciyawa, ta ja garma a lambun dankali, ta ture ƙanƙara daga ƙofar gida har titi a safiyar da motocin zamani ke kwance suna nishi. Ba ta taɓa neman komai ba sai mai da ɗan duka a gefen murfi. Duk wanda ya zauna a layin nan ya san gaisuwarta: "kir-kir-kir, tuf! tuf-tuf-tuf." Tun da matarsa Lois ta rasu, wannan ce muryar da Delmar yake fara ji da safe, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarsa ko ya sha maganinsa ba.

Ya kamata masu ta'aziyya su san nauyin da marigayiya ta ɗauka. Bara, ana cin abincin Kirsimeti, 'yarsa Rhonda ta gindaya masa sharaɗi a gaban kowa: "Baba, muddin kana yanke ciyawarka kana share ƙanƙararka da kanka, gida naka ne. Ranar da ka kasa kuwa, sai gidan tsofaffi, ba gardama." Delmar ya yarda, don ya san Gertie. Mijin Rhonda, Curtis, yana ta taunar nama yana kallon filin ta taga.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗan ƙaramin abu. Makunninta ya sassauta, sai an jijjiga makulli kafin ta amsa. Delmar ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan gwaji, ya kankare tsatsa, ya gano makunnin ne kaɗai ya gaji. Amma hannunsa rawa yake yi yanzu, idonsa kuma ya daina karanta ƙananan haruffa. Sai ga Curtis da sabon makunni a leda, yana washe haƙora.

"Baba, zauna ka huta," in ji shi. "Kafin kofinka ya huce na gama."

To, jama'a, ga inda aka yi ta'asar. Injin Gertie irin na da ne, mai haifar da wutarsa da kansa. Akwai wata siririyar waya daga kwayil, wato naɗin wayar da ke ba inji tartsatsi, zuwa makunni, wadda masu tsofaffin injuna ke kira wayar kisa. Ba a ba ta wuta, haram ne. Aikinta kawai ta taɓa jikin ƙarfe idan ana so inji ya mutu. Makunnin da Curtis ya kawo kuwa na injin da ke shan wutar batir ne. Ƙafa biyar gare shi kamar na da, ya shige ramin ɗas, harafi ɗaya ne kawai a bayansa ya bambanta. Curtis ya murɗa makulli, wutar batir ta bi wayar kisa ta faɗa cikin kwayil. Marigayiya ta ce "kir." Ta sake cewa "kir." Sai wani siririn hayaki mai warin ƙonannen gashi ya fito ta ƙarƙashin murfi, shi ke nan.

"Kash!" in ji Curtis. "Ai dama ta tsufa, Baba. Tsoho sai hutu."

Kada wanda ya zo gaisuwa ya ce mana kuskure ne, ba ma son ji. Curtis ma'aikacin lantarki ne, shekara da shekaru yana ja wa mutane waya a gidajensu. Mutumin da ke karanta ƙanƙanin rubutun jikin fis na lantarki ba tabarau, wai shi ne bai ga harafi guda ba! Shi ne kuma ya ɗauki nauyin neman sabon kwayil, ya dawo yana girgiza kai, wai ya buga waya har jihar Iowa an ce masa an daina yin irinsa tun tuni. Ciyawa kuwa ba ruwanta da makoki. Da ta kai gwiwa, Rhonda ta zo ta tsaya a tsakiyarta ta ɗauki hoto, ko cikin gida ba ta shiga ba.

Marigayiya ta bar garma ɗaya, da wuƙar ture ƙanƙara, da sarƙoƙin taya na hana santsi, da rabin jarkar mai. Ta bar tsoho ɗan shekara tamanin da ɗoriya, wanda har yau yake fita gareji da safe ya hau kujerarta ya riƙe sitiyari. Ta kuma bar suruki cikin ƙoshin lafiya, abin takaici.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a farfajiyar gidan, tare da gwanjon kujeru da tukwane da kayan aikin Delmar. Matan coci za su kawo kofi da cuku. Gawar dai ba za ta shiga gwanjo ba, don Curtis, saboda tsabar zumunci, ya ce shi zai kai ta gidansa. Mai rarraba saƙonni ya shaida mana cewa tun makon jiya ya ajiye wani ɗan kwali mai nauyi daga Iowa a ƙofar Curtis ɗin.

Daga ranar Lahadi, Delmar zai karɓi gaisuwa a gidan tsofaffi, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe. Roƙo ɗaya muke yi: duk wanda ya bi ta layin su Curtis ya ga marigayiya tana yanke ciyawa, don girman Allah ya kama bakinsa idan ya zo ziyara.