Ranar Da Aka Jona Mini Makirufo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Dubai ta ji muryata ba. Kafin ranar, in ka tambaye ni wa ya kafa ƙungiyar Salansa Ta Fashe, sai in bugi ƙirji in ce ga shi a gabanka. Ni ne mawaƙinta, ni ne ginshiƙinta, in na yi tari unguwar Ras Al Khor sai ta amsa.

Mu huɗu muka fara, duk makanikai a gareji ɗaya. Kiɗanmu irin na Turawan nan ne masu tsayar da gashi, wanda suke kira fank: gudu, ihu da shaƙiyanci. Yakubu yana jibgar durom ɗin mai, wani yana azabtar da jita, Bulus yana kula da lasifika, ni kuma ina waƙa a kan iyakwandishan da ta mutu da motar bas da ba ta jira. (Gashin da zan tsayar babu, sanƙo ne, sai nake shafa masa giris.)

Masoyanmu ba su cika bas ɗaya ba, amma ko ana zafin da ke narka takalmi sai sun zo siton da muke haya a Al Warsan, duk Lahadi bayan coci, kowa da sufana rataye a wuya. Suna da wata al'ada: da na buɗe baki, sai su ma su wage nasu, ba sauti, suna kaɗa hannu. Na ɗauka daɗin muryata ne ke ɗauke musu magana. Ni dai ban taɓa jin kaina ba, amma Bulus ya ce haka abin yake, tunda lasifika jama'a take kallo.

Shekara bakwai muna haka, sai matata, Maman Talatu, ta samu bizar ziyara, ta ce za ta zo kallon wasanmu. Ita kaɗai ce shaidar korar da ƙungiyar mawaƙa ta yi mini a cocinmu na Zonkwa, kuma kullum a waya ina gaya mata iskar teku ta gyara mini murya. Kwana uku na kasa zama wuri ɗaya. Na sha zuma, na sha citta, na hana kowa kunna fanka. Ga shi Bulus ya tafi hutu gida, dole muka ɗauko Isufu, wani Banijare mai sayar da lasifika a kasuwar ƴan Caina.

Ana gab da farawa ya ɗago wata waya. "Patron, ai makirufonka ba a jone yake ba. Voilà, na gyara. Yalla!"

Har godiya na yi masa.

Yakubu ya buga, na ja numfashi, na saki. Jama'a! Kun san ƙarar injin yanka ƙarfe in ya haɗu da kwantena? To ku ƙara masa jaki mai mura. Tantabarun rufi suka watse. Masoyanmu, da suka riga suka wage baki, suka rufe shi ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan Pakistan daga siton maƙwabta ya leƙo yana cewa, "Habibi, khalas! Wa ya ji ciwo?"

Yakubu ya ajiye sanduna. "Oga, ka yi haƙuri. Tun wasan farko Bulus ke cire wayar. Mutanen nan tsallenka suke zuwa kallo, da yadda jijiyar wuyanka ke tashi ba a jin komai."

Ashe shekara bakwai ni ne abin dariyar, ba waƙoƙin ba. Daga ranar na koyi cewa in jama'a suka cika yi maka tafi, ka sunkuya ka duba ko wayarka a jone take.

A bas ɗin komawa masaukinmu a International City na yi ta mutsu-mutsu, ina jiran Maman Talatu ta ce wani abu. Sai da muka kusa sauka ta dafa gwiwata.

"Baban Talatu, shi wannan Bulus ɗin, bawan Allah, yaushe zai dawo?"